Rumbun Auta

A layinsu na masu gyaran waya da kwamfuta Likita ake ce masa, a gida kuwa Auta. Shagonsa yana ƙarƙashin matakalar wani bene, sai ka sunkuya kafin ka shiga: teburi ɗaya, fitila mai dogon wuya, da gwangwanin madara cike da ƙananan kusoshi. Ba ya yar da abu, ba ya kuma sayen abin da dabara za ta ba shi. Yayarsa takan ce da za a sayar da iska, da Auta ya koyi riƙe numfashi.

Da tsohuwar kwamfutata ta cika da hotuna, na ce ya sayo min ma'ajiya. Ya yi dariya, ya zauna ya yi 'yan taɓe-taɓensa, sai ga sabon wuri a cikin kwamfutar, ya sa masa suna Rumbu. Ya bayyana min cewa ba a cikin na'urar yake ba, akwatin imel ɗinsa ne ya mayar wurin ajiya. Duk abin da na jefa ciki, saƙo ne yake tafiya daga adireshinsa zuwa adireshinsa, ya zauna can.

Na tambaye shi, idan kamfanin imel ɗin ya ƙi fa?

“Baba, wuri suka ba ni kyauta. Ba su ce ga abin da zan zuba ba.”

Shi ya ɗauki hoton tsofaffin hotunanmu na takarda ya zuba, tun daga na ranar da aka haife shi. Na takardar daga baya ruwa ya lalata su.

Mota ce ta buge shi yana tsallaka titi zai sayo batir. A asibiti aka ba mu takalmansa da makullin shago. Wayarsa ba a gan ta ba. Kalmar sirrin akwatin ta tafi tare da shi, amma kwamfutata tana riƙe da ita, don haka Rumbu ya ci gaba da buɗewa. Kowace safiya nakan duba shi bayan na sha shayi.

Wata safiya na nemi hotonsa na ƙarshe, wanda yake riƙe da ɗiyar yayarsa, babu shi. Na ɗauka ni na yi kuskure. Washegari hotunan shagon suka ɓace, sannan muryarsa da ya naɗa yana kwaikwayon tarina. Daga na baya-bayan nan abin yake ci, yana komawa baya. Kullum idan na buɗe, Autan da ya rage ya fi na jiya ƙuruciya: gemu ya tafi, rigar kammala karatu ta tafi. Mahaifiyarsa ta tsaya a bayana tana kallon allon, ta ce a hankali, “Kayansa yake kwashewa.”

Na fara kwafewa, amma kowane hoto sai an sauko da shi daga intanet, kuma mai gogewar ya fi ni sauri.

Yayarsa ce ta gane. Ta ce wayar tana hannun wani, akwatin a buɗe, yana ganin tarin saƙonni marasa kan gado yana sharewa daga sama. Ba mu da lambar mutumin, layin wayar Auta kuma ya daɗe da mutuwa. Sai na tuna duk abin da na jefa a Rumbu, a saman akwatin yake sauka. Na ɗauki hoton Auta yana ɗan makarantar firamare, haƙoransa biyu a cire, na canza wa hoton suna zuwa: Don Allah ka daina gogewa, hotunan ɗana ne, ya rasu. Na jefa.

Gogewar ta tsaya a shekararsa ta goma sha ɗaya.

Da la'asar wayata ta yi ƙara. Saƙon imel ne daga akwatin, da sunan Auta a sama da ɗan hotonsa a gefe, yana murmushin nan na gefen baki. Na daɗe kafin na buɗe.

“Baba, ka yi haƙuri, ban sani ba. A kasuwa na saya. Allah ya ji ƙansa.”

Mahaifiyarsa ta ce in karanta mata. Na karanta. Ta ce in sake, amma kalmar farko kawai.