Tafin da Aka Yi wa Yayana a Turai

Yayana mutum ne da bakinsa ba ya hutawa. Kamiyo yake tuƙawa, babbar motar kaya, ya ɗauko albasa daga Tabelot ya kawo Agadez, wani lokaci ya wuce da ita kudu ta Aderbissinat. In ya dawo, ko ƙafa bai wanke ba sai ya zarce fadarmu, wata rumfa a bayan butikin wani baduku inda muke dafa shayi bayan la'asar. Da ya zauna ba wanda zai ƙara samun fili. Zai kwaikwayi duk mai tsaron bariyer, shingen bincike, da ya tare shi a hanya: yadda wannan ke sosa ciki kafin ya miƙo hannu, yadda wancan ke duba takardun mota a kife yana gyaɗa kai. Mu yi ta dariya har shayin ya zube a kan gawayi.

Abin da aka faɗa a rumfar nan ba ya fita waje. Ba wanda ya kafa mana doka, haka muka taras manya suna yi. Shi ya sa mutum zai zagi wanda ya ga dama, ya shanye shayinsa, ya tafi masallaci hankalinsa kwance.

A cikinmu akwai abokina tun muna ɗalibai a lakkol, marubuci, da Faransanci yake littattafansa. A gidanmu ya girma kusan, tuwon mahaifiyarmu ya ci, kuma Yaya yake ce wa yayana kamar yadda nake ce masa. A fada ba ya yawan magana, sai murmushi da saurare. Mu a tunaninmu kunya ce.

Da aka gayyace shi Turai ya zaga birane yana konferans, wato jawabi a taro, kan ƴancin faɗin albarkacin baki, mun yi murna kamar mu aka kira. Yayana da kansa ya raka shi tasha, ya cusa masa dabinon Bilma da cuku a jaka, ya ce, "Riƙe wanga, ƙane, kar su kashe ka da ganye."

Ba a jima ba bidiyo ya fara yawo a salula. Badukun ne ya fara nuna mini. Ga abokina tsaye a wani babban zaure, ya naɗa rawani har baki, shi da ban taɓa gani da rawani ba sai ranar aurensa. Ya ce wa Turawan zai ba su labarin wani jarumi, amma ba zai faɗi sunansa ba don ya kare shi. Sai ya ce mutumin albasa yake ɗaukowa daga Tabelot a wani tsohon kamiyo shuɗi, kuma inji ya guntule masa yatsa ɗaya. Daga nan ya shiga kwaikwayon Yaya yana kwaikwayon masu bariyer, da sosa cikin da komai. Zauren ya ɗauki dariya, a ƙarshe suka miƙe tsaye suna tafi.

Wai bai faɗi suna ba! Wa ya san sunan yanka na yayana a hanyar nan? Ni kaina sai na yi tunani kafin in tuna shi. Da motarsa aka san shi, da yatsan nan, da bakin nan. Wanda aka haifa a Agadez ya san cewa in ka faɗi launin kamiyon mutum ka kai mutane har ƙofar ɗakinsa. Gara ma a ce sunan ya faɗa, da an sami masu irinsa da yawa an rasa wanda ake nufi.

Ba a kama Yaya ba, ba wanda ya ɗaga masa murya. Da fara'a ma ake tarbarsa a kowace bariyer. Sai dai a ce ya gyara mota gefe, shugaba ya fita, a jira shi. Wasu motoci su zo su wuce, shi yana tsaye, rana tana dukan buhuna. Albasa kuwa ba ta san haƙuri ba, in ta yi gumi ta fara ruɓa daga tsakiya. Ya iso kasuwa da kaya suna ɗiga, ƴan dako suna toshe hanci. Haka a tafiya ta gaba, haka a wadda ta biyo ta.

Wata safiya wani dattijo daga masu lambun Tabelot ya zo gidanmu. Ya daɗe yana gaisuwa, yana kallon tabarma, sannan ya ce, "Ba ƙin ka muka yi ba, ɗana. Amma wahalar shekara ce cikin buhunan nan." Yaya ya ce ya gane. Ya raka shi har bakin titi, ya dawo ya jingina duwatsu a ƙafafun kamiyon. Yanzu ɗinkin bakin buhu yake yi a kasuwar albasa, yana kallon yaran da ya koya wa tuƙi suna lodi.

Na kira abokina na zazzage masa duk abin da ke cikina. Ya saurara, ya yi ajiyar zuciya, ya ce, "Mais c'est ça le combat, ɗan'uwa, ai yaƙin ke nan. Shirun nan shi ke kashe mu." Ina jin ƙarar cokula a bayansa, abinci suke ci. Na ce masa yaƙin da ake yi da bakin wani da abincin wani ba wuya gare shi, na kashe salular.

Da ya dawo ya zo fada da tsaraba, turare da wata rigar sanyi. Ya durƙusa gaban Yaya, ya ce, "Yaya, da ka ga yadda suka miƙe saboda kai! Maganarka ta shiga duniya."

Yaya ya ce, "Madalla. Ya hanya? Ya sanyin can?" Ya zuba masa shayi, ya tambayi iyali, ya sa albarka a tsarabar. Har aka tashi bai ƙara komai ba. Kowa a rumfar yana kurɓa yana kallon ƙafarsa.

A hanyar gida muna tafe mu biyu, na kasa daurewa. Na ce, "Yaya, mi ya hana ka gaya mashi? To ni gaya mini. Mi suka ce maka a tafiyarka ta ƙarshe?"

Ya tsaya. Ya dubi bik ɗin rubutu da ke maƙale a aljihun rigata, ya daɗe yana dubansa.

"Kai ma rubutu kake, ko?"

"Haba Yaya, ni ne fa."

Ya ce, "Na sani. Shi ma ai shi ne."

Ya gyara hularsa ya yi gaba, na bi shi a baya har gida.