Mutumin da Ba Ya Cewa “Sosai”

Malam Beri ba sunansa ba ne, ɗalibai ne suka laƙaba masa. Ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana koyar da Turanci a sakandare, kuma duk tsawon aikinsa da kalma guda yake yaƙi: “beri”, wadda Bature ke faɗa in yana nufin sosai. Yaro ya rubuta beri gud, jan biro ya sauka. Sai a ajiye darasi a yi wa aji wa'azi: wai kalmar nan daga tsohon Faransanci ta fito, asalinta “gaskiya” take nufi, don haka ba a faɗarta sai abu ya kai. Malalata ne suka mai da ita gishiri, suna barbaɗawa a kan komai.

Da a makaranta ya bar yaƙin, da Gwaggo matarsa ta huta. Amma gida ya kwaso shi, ya haɗa da “sosai” da “ƙwarai” da “matuƙa”, duk ya kore su daga bakinsa. Ta wuni a kan miya, ya lashe kwano ya ce ba laifi. Ranar da ta haifi ta fari, ya leƙa zane ya ce yarinya madaidaiciya. Autarsu ta zo ta ɗaya a jarrabawa, ya ce an ɗan yi ƙoƙari. Ita kuwa Gwaggo, famfo ya ɗiga sai ta ce gida ya cika da ruwa. Haka suka tsufa, ita tana ƙarawa, shi yana ragewa.

Dole ta sa ta koyi ma'auninsa. In ya ce ba komai, akwai abu. In ya ce kaɗan, to a tashi tsaye. Shi ya sa ranar da ya bar shayinsa ya huce, jarida na ninke a kan cinya, hannu dafe da gefen ciki na dama, ya ce akwai ɗan ciwo, ba ta tsaya tambaya ba. Ta ja mayafi, ta tare mai a-daidaita, ta tura Malam ciki yana cewa abin bai kai haka ba.

Asibitin cike yake. Benci uku, fanka ɗaya mai kuka, da tebur a bakin ƙofar likita inda nas ke tantance wanda zai fara shiga. Nas ɗin tana ɗaga kai ta gan shi ta miƙe, har da rusunawa. Ashe tsohuwar ɗalibarsa ce. Ta ce har yau in za ta rubuta kalmar nan sai ta tuna jan bironsa. Gwaggo ta ce a ranta Allah ya kawo sauƙi, yau an samu na gida.

Nas ta tambaye shi ciwon ya yi tsanani ne. Ya auna tambayar, kamar mai duba takardar jarrabawa, sannan ya ce matsakaici ne.

Gwaggo ta ce ƙarya yake, mutuwa yake yi, tun jiya bai ci komai ba, ga zazzaɓi, ga amai. Nas ta yi mata murmushin da ake yi wa tsofaffi.

“Mama, kowa a bencin nan matarsa ta ce mutuwa yake yi. Shi kuwa Malam na san shi. Abin da ya faɗa, haka yake, ba ƙari ba ragi.”

Ta sa katinsa a ƙasan na sauran, ta nema masa wuri kusa da taga don girmamawa.

Suka zauna. Mai tari ya shiga, mai ɗaure da yatsa ya shiga, wani ƙato da ke ihun ƙafarsa za ta cire ya shiga ya fito yana amsa waya. Malam kuwa ya yi fari fat, gumi ya jiƙa wuyan rigarsa, yana zaune ƙyam kamar mai gadin jarrabawa. Gwaggo ta koma teburin har sau biyu, ana ce mata a yi haƙuri, layi ne.

Ta dawo ta zauna, ta matso da bakinta kunnensa.

“Malam, kalma ɗaya ce. Ka faɗe ta su duba ka. Ba a yi maka maki a nan.”

Ya ce bai san iyakar ciwo ba, ta yaya zai ce nasa ya kai? Wataƙila na wani ya fi.

“To ka mutu madaidaici,” in ji ta. Ta ɗora hannu a kan jakarta don ya daina rawa, ya ƙi dainawa.

Malam ya dubi hannun, ya daɗe yana dubawa. Sannan ya ɗaga yatsa, yadda yake kiran ɗalibi daga bayan aji. Nas ta taho.

“Yarinya,” ya ce, “mai ɗakina ta tsorata sosai.”

Nas ta tsaya da biro a hannu. Ta dube shi, ta dubi Gwaggo, ta taɓa goshinsa, ta danna gefen cikin. Bai yi ƙara ba, amma ya danƙe ƙarfen benci. Ta ruga ta kawo keken marasa lafiya da kanta. Kafin la'asar an yi masa aiki. Likita ya ce 'yar hanjin da ta kumbura saura ƙiris ta fashe.

Gwaggo ba ta yafe ba. Duk wanda ya zo dubiya sai ta gaya masa: aure tun tana da baƙin gashi, ga girki, ga haihuwa, ga jinya, ba ta taɓa samun “sosai” ba sai a kan tsoro. Ko nas ɗin ma, da ta zo ba da haƙuri, ta samu rabonta.

Da aka ba shi izinin cin abinci, ta kawo masa romo a kula, ta tsaya a kansa har ya shanye. Ya goge baki, ya buɗe shi zai yi magana.

“Na sani, ‘ba laifi’ za ka ce,” in ji ta, ta karɓe kwanonta.