Kofin Alwyn Ya Sauko Daga Ƙusa

Gwenda Tudge ba ta taɓa zama a teburin mashayar ƙauyensu an kawo mata abinci ba sai da ta tsufa. Ƙuruciyarta duk a kicin ɗin gidan ta ƙare, tana feraye dankali, tana gasa naman Lahadi, hayaƙi na cin idonta. Ta tagar miƙa abinci ta fara ganin Alwyn, makiyayin tumaki, dogo, marar magana, mai warin jiƙaƙƙen ulu. Ya daɗe yana yaba romonta kafin ya iya buɗe baki ya faɗi ainihin abin da ke kawo shi.

A ƙauyen, duk namijin da ya zama ɗan gida a mashayar yana da kofinsa na ƙarfe, da ƙusarsa a jikin gungumen katakon da ke saman kantar sayar da abin sha. Na Alwyn ne na kusa da murhu, ya lotse a gefe ɗaya. Idan mutum ya mutu ba a sauke kofinsa, nan ake barinsa cikin na abokansa. Da aka binne mijin nata Alwyn bara, abin da ya riƙe zuciyar Gwenda ke nan. Kabari dai shiru ne da sanyi, amma kofin yana can inda ake hira da dariya.

Sai gidan ya canja hannu. Wani matashi, Jasper, ya saye shi, ya shafe shi da fenti, ya ɗauko mai dafuwa daga Landan, jaridu suka yi ta zuba yabo. Yanzu ko ruwa za ka sha sai ka buga waya ka kama wuri tun da sauran makonni. Mutanen birni su cika filin gaban gidan da motoci, su shigo da takalman shiga taɓo waɗanda ba su taɓa ganin taɓo ba, da karnuka masu riga. Gwenda ta ƙi ko leƙawa. 'Yarta Hilary ce ta matsa, ta kama musu tebur ranar Lahadin da Alwyn ya cika shekara da rasuwa.

Tun daga bakin ƙofa ta ɗaga kai. Ƙusoshin na nan, amma busassun furanni aka rataya musu. Babu kofi ko ɗaya. Ta dai zauna.

Aka kawo abinci a faranti mai faɗin tire, naman a tsakiya kamar an manta shi, romo ɗigo-ɗigo a gefe. Ta ɗanɗana, ta ji wallahi ya yi daɗi, abin ya ƙara ba ta haushi. Hilary na ta surutun aikinta. Gwenda ta juya don ta nemi gishiri, sai ga kofin Alwyn a teburin da ke kusa, da lotsewarsa, an cika shi da wuƙaƙe da cokula masu yatsu. Wata mata ta zari cokali a ciki ba ta ko kalle shi ba.

Ta sa aka kira mata Jasper. Kuma in za a faɗi gaskiya, yaron ba shi da mugun hali. Har durƙusawa ya yi kusa da kujerarta, ya saurari labarin Alwyn, idonsa ya kawo ruwa. Ya ce sun sauke kofunan ne don a wanke, sai suka ga sun yi kyau a kan tebura, bai san na mutane ba ne. Ta fara roƙonsa ya mayar da wannan ɗaya kan ƙusarsa, ya tari numfashinta, ya ce ta bari, ya san abin da ya dace.

Ya dawo da kofin a wanke tas, an naɗe shi a farar takarda har da zare. Ya miƙa mata da hannu biyu.

"Naki ne, Mama. Ki tafi da shi gida, can ne wurinsa."

Na teburan kusa suka yi murmushi, wata har da tafi a hankali. Ina za su sani? A garin nan mutum iri ɗaya ake sauke wa kofi a miƙa masa ya tafi da shi: wanda ya yi sata ko ya fasa wa wani kai, aka ce kada ya sake tako ƙofar. Duk zaman Gwenda a kicin sau ɗaya ta ga an yi haka, kuma mutumin bai ƙara kwana a ƙauyen ba.

Ta so ta yi bayani, amma ina. Ga idanu a kanta, ga yaro a durƙushe yana jiran godiya, ita kuma ba a rene ta da tayar da magana cikin mutane ba. Ta karɓa, ta ce ta gode, ya kyauta. Ta cusa kofin cikin rigar sanyinta don kada wani ɗan garin ya gan ta da shi a hanya.

A mota Hilary, wadda ta bar ƙauyen tun tana budurwa, ta dafa mata gwiwa cike da farin ciki, ta ce ai shi ke nan, Baba ya dawo gida.

Gwenda ta daɗe tana kallon tumakin da ke kan tudu, hawaye na bin kumatunta.

"Duk rayuwarsa yana shiga gidan nan, bai taɓa ɗaga wa kowa murya ba," ta ce. "Sai da ya mutu aka kore shi, kuma ni na ce na gode."