Amyar da Na Rataya a Kurmin Inna

Da bazara, lokacin da zafin Kontagora ke korar mutum daga ɗaki, wasu ƙananan tsuntsaye kan sauka a kurmin da ke ƙasan gonarmu, kan hanyar Ibeto. Ba 'yan gari ba ne. Launinsu kamar ƙasa, wasu da ɗan rawaya a ƙirji, ba wani kyau ne da su ba. Amma in ɗaya ya shige cikin ɓaure ya buɗe baki, sai ka ajiye abin da ke hannunka. Su ci ƙwari da 'ya'yan itace su yi ƙiba, kafin damina ta kankama sun yi arewa. Mahaifiyarmu Inna, Allah ya jiƙanta, takan ajiye musu ruwa a kasko a gindin wata ƙirya. Ni na gaji kaskon.

An sha yi mini dariya a kan haka. Mace da jikokinta ta hau mashin da sassafe, wai za ta kallon tsuntsu! Ban taɓa ba kowa haƙuri ba. Masu wuni suna kallon ƙwallo, wa ya tambaye su dalili?

A bakin mai mashin na ji cewa Yaya, babban wanmu, ya sayar wa masu gawayi itatuwan kurmin. Gonar gado ce, ba a raba ba, amma bai ga amfanin tambayar mace ba. Na je na tarar an sassari ɓawon kowace ƙirya da marke, alamar an saye. Daga can shagonsa na wuce.

"Yaya, ai da rabona a kurmin nan."

"To me za ki yi da itace?" in ji shi. "Ko tsuntsun za ki ci?"

Na juya na fita.

A wajenmu, itacen da aka rataya wa amya, wato kwandon ciyawar da ƙudan zuma ke shiga, ba a sare shi sai da yardar mai amyar, ko da a gonar ubanka yake. Na je wurin maƙwabcin gonarmu, wani Bakambare mai kiwon zuma, na saye duk sababbin amyoyin da ya saƙa. Shi ya hau ya rarrataya mini, muka fara da ƙiryar Inna. Ba su isa duka itatuwan ba.

Ranar da masu gawayi suka zo da injinsu, ina zaune kan tabarma kusa da kasko. Babbansu ya ɗaga kai ya daɗe yana kallo.

"Hajiya, amyar nan sabuwa ce fa. Ko ƙudan zuma ɗaya babu a ciki."

"Babu," na ce. "Amma tawa ce. Sare mu haɗu gaban mai gari."

Bai sare ba. Suka haura sama suka kwantar da duk wanda ba shi da amya. Ina ji ina gani, na yi kuka, amma ban tashi daga tabarmar ba sai da suka kashe injin.

Tun daga ranar Yaya bai sake taka gidana ba, ko da Sallah. Ya ce na kunyata shi a gaban mutane. Abin yana ci mini rai, ba zan ɓoye ba, domin shi ya goya ni ina ƙarama. Dangi suna ta cewa in sauke amyar in je in durƙusa. Durƙusawa zan yi ko gobe. Saukewar ce ba zan yi ba.

Bana tsuntsayen sun dawo, sun cunkushe a ɗan abin da ya rage, kukansu har bakin titi. Zuma ma ta shiga wasu amyoyin. Ta farko da aka ɗebo na aika wa Yaya a kwalba, aka dawo mini da ita ko buɗewa bai yi ba.

Na ajiye masa ita a ɗakina. Washegari na cika kasko, na ce wa maƙwabcinmu ya ƙara saƙa wasu.