Tagwayen Faifai Ranar Kasuwar Gangara

Mun tashi da asuba daga Maradi, ni da mai tuƙa ni, mu biyu a kan moto, sabon faifan ordinata, wato kwamfuta, naɗe cikin rawani a jakata. A Agiye muka sha shayi da burodi. Dala talatin kofin, sukarin kuwa sai ka rantse gaisuwa ya zo yi. Daga Gazawa kwalta ta sallame mu, muka shiga rairayi da amalanken 'yan kasuwa.

Wani ƙaramin asibitin ƙauye ne gaba da Gangara ya kira mu. Babbar na'urarsu mai tsarin Unix tana da faifai biyu, tagwaye, duk abin da aka rubuta a ɗaya yana kan ɗayan. Ɗaya ya mutu, na biyun ya fara ƙara kamar tsohuwar fanka. Sunayen masu ciki da rigakafin yaran ƙauyukan duk suna kansa. In ya tsaya kafin sabon ya kwafe, sun tafi ke nan.

Na sa sabon faifai da hantsi. Sauran aikin zama ne: ka buga wa na'urar umarnin metastat, ta nuna maka kashi nawa aka kwafe, ka jira, ka sake bugawa.

Ashe ranar kasuwa duk mai ɗan'uwa a asibitin nan yake kawo salularsa, wato wayar hannu, caji a batirin sola. Da azahar muna kashi sittin, salula goma sha ɗaya na tsotso, batiri ya fara kuka. Majo, wato shugaban asibitin, ya cire goma. Ta ƙarshe ta surukinsa ce, dattijon kuma yana zaune bakin ƙofa. Majo ya tsaya yana sosa ƙeya.

Ni baƙo ne, ba surukina ba ne. Na durƙusa na ce, “Baba, wutar ba ta isarmu. In ta ɗauke, sunan masu ciki ya ɓace.”

Ya ce, “Har da na ɗiyata?”

Majo ya sunkuyar da kai. Dattijo ya tashi ya zare wayar da hannunsa, ya ja kujera kusa da ni. “Mi ta ce yanzu?” Haka ya yi ta tambaya har la'asar, lokacin da ta nuna an gama.

Mun iso Maradi da magariba, ƙugu ya gaji. Na koyi in riƙa tambayar ranar kasuwa kafin in kama hanya. Kwana biyu bayan nan Majo ya kira ni: tsohon faifan ya mutu. Sunan matar Majo, ɗiyar dattijon, yana nan kan sabon, watan gobe za ta haihu.