Fitilar Goshin Usmanu Mai Yasa

Duk wanda ya sha ruwan rijiya tsakanin Gubuchi da Paki cikin shekara arba'in ɗin nan, to ya sha gumin Usmanu Mai Yasa, ko ya sani ko bai sani ba. Yasar rijiya ce sana'arsa. Idan rani ya yi rani, guga ya fara dawowa da taɓo, shi ake aika wa. Sai ya tuɓe riga, ya ɗaura igiya a ƙugu, ya bi 'yan ramukan taka ƙafa da ke jikin bango har ƙasa, ya kwashe laka da takalman yara da cokulan da aka daɗe ana zargin maƙwabta a kansu. Ɗan siririn mutum ne, ga baki kamar rediyo. Shi da kansa yake faɗa cewa ya fi mai unguwa sanin asirin gidaje, don mai unguwa a zaure yake tsayawa.

Da can madubi ake riƙe masa a bakin rijiya, a karkato hasken rana ya sauka inda yake. In mai riƙon ya juya yana gaisawa da wani, shi ke nan, Usmanu ya shiga duhu, sai dai a ji zagi yana tasowa daga ƙasa. Haka ya yi ta fama har ranar da ya tsinci wata 'yar fitilar goshi a tulin gwanjo a kasuwar Makarfi. Ba ta fi kwalin ashana nauyi ba, ga maɗaurin roba, ga batir uku 'yan ƙanana. Mai gwanjon ya ce ta Turawa ce, masu goya jaka su hau duwatsu don nishaɗi.

"Su hau sama ba gaira ba dalili," in ji Usmanu. "To ni ƙasa nake sauka, kuma da dalili. Kawo ta nan."

Tun daga ranar ba a raba shi da ita. Har ɗaurin aure ya taɓa zuwa da ita a ƙarƙashin hula.

Bana ne fitilar ta fara rage haske. Aƙalla haka Usmanu ya ce. Ya yi mata duk abin da mutanenmu ke yi wa tocila in ta yi gardama: ya buga ta a tafin hannu, ya shanya batiran a rana, ya ɗan ciccije su da haƙori. Shiru. Ranar kasuwa ya kai ta rumfar Salman mai gyaran rediyo da tocila, wanda abokin ɗansa ne tun suna yara.

Karon farko, gaskiya, fitilar na da laifi. Salman ya buɗe ta ya tarar damshin rijiya ya sa 'yar wayar da ke tokare batir ta yi tsatsa, batir ɗaya kuma ya zubar da farin gari. Ya kankare da reza, ya goge da ruwan lemun tsami, ya ɗan ja wayar ta ƙara tsawo, ya sa sababbin batir. Da ya kunna, sai da mai tsiren da ke kallon rumfar ya kare fuska.

"Da ɗan dama," in ji Usmanu. "Amma ba kamar da ba."

Wani makon ya dawo. Salman ya ce ko laka ce ta shiga makunni, ya tsokale ta da allura. Mako na uku ya ce ko gilashin ne ya dushe, ya goge shi da man goge baki har yana ƙyalli. Daga nan dabara ta ƙare masa, don babu sauran abin gyarawa. Fitila lafiyarta ƙalau. Idon Baba Usmanu ne ya yi yana, fari-fari a tsakiyar baƙin, ko daga nesa ana gani.

Kowa ya sani fa. Matarsa Bilki ta sani, tun ranar da ya yi wa turmi sallama a tsakar gida. Salman ya sani. Mai tsire ma ya sani. Amma wa zai dubi dattijon da ya haife shi ya ce, "Baba, idonka ne ya tafi"? Ai ba a yi. Sai gari duka ya haɗu a kan fitila. Wannan ya ce kayan gwanjo ba su da amana, wancan ya ce batiran zamani duk jabu ne. Wallahi ban taɓa ganin abin da ya sha ƙazafi irin 'yar fitilar nan ba.

Shi kuwa Usmanu, tsoro yake ji, tsoro na gaske. Mai yasa da ido yake rayuwa. Ido ne ke nuna masa tsagar da ke jikin bango kafin ta rufto, ido ne ke raba masa saiwa da maciji. In fitila ce ta lalace, ana gyara ta. In kuwa ba ita ba ce, to shekara arba'in sun ƙare ke nan, sai zaman dakali. Don haka ya riƙe maganar fitila da hannu biyu.

Ana haka sai aka aiko daga Paki: tsohuwar rijiyar bayan masallaci tana son yasa, zurfinta gaba ashirin da wani abu, bangonta kuma ya fara zaizayewa. Usmanu ya ce a gaya musu yana nan tafe ranar Asabar. Bilki ta ajiye ludayi.

"Malam, da wannan fitilar da ba ta gani?"

"Salman zai gyara."

Kafin ranar kasuwa saƙonta ya riga mijinta isa rumfar Salman: in ya bar fitilar nan ta fita daga hannunsa, to shi da Allah.

Usmanu ya iso da hantsi, ya zauna a benci, aka gaisa har aka gaji, aka tambayi Bilki da zafi da cinikin rake. Sannan ya miƙa fitilar. Salman ya kwance ta, ya zuba ƙusoshinta a murfin gwangwani, ya kanga ta a kunne kamar mai sauraron wani abu. Bai saba ƙarya ba, ballantana ga uban abokinsa.

"Baba, na gano matsalar," ya ce. "Ƙwan ne ya gaji. Sai an sauya shi."

"To sauya mana."

"Babu irinsa a Makarfi. Ko Ikara babu. Sai Zariya."

"Aika direba ya sayo."

"Ai ba a aike, Baba. Sai mai fitilar ya je da kansa, a gwada a goshinsa."

Mai tsire ya sunkuyar da kai yana ta fifita wutar da ba ta buƙatar fifita. Ƙaryar ba ta da ko ƙafa ɗaya, kowa ya ji. Usmanu ma ya ji. Ya lalubi teburin da hannu har ya taɓo maɗaurin robar, ya murza shi tsakanin yatsu. Ya daɗe a haka.

"Wannan shagon na Zariya," ya ce a hankali, "kusa da asibitin ido yake, ko?"

Salman ya kasa ɗaga kai. "Nan ne, Baba. Ƙofa ɗaya ma suke."

"Na yi zato." Ya miƙe, ya kakkaɓe riga. "To ka aika wa mutanen Paki su nemi wani, ka ce fitilata ce ba lafiya. Kuma ranar da za mu tafi ka zo da wuri, ɗana. Kai za ka riƙe min hannu a bakin titi."