Ranar da dalar Masar ta rushe a ɗakin Inna

Ni ne ɗan fari a gidanmu, kuma kowa ya san abin da hakan ke nufi. Inna ba ta kama sunana, ba ta kallona ido cikin ido, in za ta ba ni abinci sai ta ce a miƙa wa wancan. Alkunya ce, na sani. Sanin bai taɓa hana ni jin haushi ba.

Autanmu kuwa, da ya tafi Alƙahira aikin gidan burodi, ya bar mana talabijin, sai Inna ta zama 'yar kallon fim da tsufanta. Ba labarin take bi ba. Jira take a nuno dalar nan ta duwatsu, domin masu fim in suna so ka gane Masar ce, ita suke fara ɗora maka. Da ta bayyana sai Inna ta gyara zama ta ce ga unguwar auta. A ganinta a gindin dalar yake gasa burodinsa. Ni da nake yini a gonar riɗi a Doka, babu fim ɗin da ya taɓa nuna inda nake. Duk faɗin jiharmu ta Gadarif, da manyan rumbunanmu na hatsi da ake hangowa daga nesa, ba wanda ya ga mun isa ko a rusa mu a fim. Kishi nake, ba na ɓoyewa, kishin ƙanena har da na duwatsun.

Wata kaka lauje ya zame mini wajen yankan riɗi, ya tsaga mini tafin hannu. Na ɗaure da rawanina, na hau lori na dawo gida bayan la'asar, jini ya riga ya ɓullo ta ƙyallen. Na tarar da Inna gaban talabijin, a fim ɗin wani abu daga sama yana ragargaza dalar, duwatsu na zubowa kan motoci. Salati take ta yi. Ta ɗago, idonta ya sauka kan hannuna, ta kawar da kai, ta ce a kira mata auta yanzu-yanzu.

Ni na kira shi, da hannun hagu, ina ji kamar in jefa wayar a randa. Ya yi ta dariya, ya rantse mata dalar na nan ƙalau, shi ma bai taɓa zuwa wurin ba, ko daga rufin gidansu ba a hangota. Ta sa ya sake rantsewa. Ta tambayi cinsa, ta tambayi barcinsa, har tarin da ya yi bara ta tambaya. Ina tsaye hannu na zugi, ina jiran ta gama in kama gabana.

Sai ta juya mini baya, ta rage murya, amma ba yadda zan kasa ji ba.

"Ya waladi, wancan ya yanke hannu, jinin bai tsaya ba. Ka ce masa ya tafi mustashfa, khalas, kada ya tsaya shan gahawar jabana."

Ta miƙo mini wayar tana kallon bango. Auta ya maimaita mini saƙon daga Alƙahira, bai rage ko kalma ba. Na ce masa ya gaya mata na ji, na sa takalmina na nufi asibiti.